Ko ana iya sakin dabbobin nahiyoyi daban-daban a fili guda?

Wani Alhaji daga Gombe ya aiko da tambaya, ya ce yana da fili mai faɗi a bayan gari wanda yake son mayarwa wurin shaƙatawa, inda iyalai za su riƙa shiga da mota suna kallon namun daji. Wani dillali ya yi masa tayin kangaru daga Ostireliya, da lama, wata dabba mai ulu dangin raƙumi, daga Kudancin Amurka, da barewar Indiya mai ɗigo-ɗigo, ya kuma tabbatar masa cewa ana iya sakinsu fili guda tare da jakunan dawa da raƙuman dawa da jiminu da wildibis, wata dabbar daji mai ƙahon saniya, kamar yadda ake gani a bidiyon ƙasashen waje. Yana son ya san ko hakan na da illa, tunda dukansu ciyawa da ganye suke ci, babu mai cin naman wani.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. A matsayina na likitan dabbobi da ya yi aiki da shanu da namun daji a nan Bauchi, shawarata ita ce kada ka sake su fili guda, kuma kada ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikin baƙin nan uku kafin ka ji dalilaina. Gaskiya ne akwai wuraren da suka haɗa dabbobin nahiyoyi daban-daban suka zauna lafiya shekara da shekaru, amma kowane irin wurin nan yana da ɗakin gwaji da likitoci da kuɗin da ke tsare masa abin da ido ba ya gani, kuma su ma sai da suka tafka asara kafin su gane wace dabba ce ke iya zama da wace. Batun cewa ba za su cinye juna ba, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Abin da kake gani a bidiyo yana da tarihi. A shekarar 1907, wani Bajamushe mai fataucin namun daji, Carl Hagenbeck, ya buɗe gidan dabbobi a gefen birnin Hamburg, inda ya kawar da kejin ƙarfe ya haƙa ramuka masu zurfi da aka ɓoye da duwatsu da shuke-shuke. Mai kallo yakan tsaya ya hango tsuntsayen ruwa a gaba, jakunan dawa a bayansu, zakuna a can sama, ya ɗauka duk wuri ɗaya suke, alhali kowane rukuni yana da iyakar da ba zai iya ƙetarewa ba. Haka nan dajin Longleat na Ingila, wanda aka buɗe a 1966 a matsayin wuri na farko a wajen Afirka da ake ratsawa da mota ana kallon zakuna, an yanka shi ɓangare-ɓangare, kowane da ƙofarsa da mai tsaronta. Yawancin haɗin da kyamara ke nunawa a idon mai kallo kawai yake.

Ban ce haɗa dabbobi ba shi da amfani ba. Dabbar da ke zaune da wasu jinsuna takan fi kuzari a kan wadda aka kulle ita kaɗai tana kai-kawo a bakin waya, kuma ɗan makaranta ya fi fahimtar daji idan ya ga raƙumin dawa yana cin ganyen sama, jakin dawa yana cin ciyawar ƙasa, jimina tana tsinta a tsakaninsu. Sai dai waɗannan ukun sun san juna tun a dajinsu na asali, kuma jikin kowanensu ya san cututtukan ɗan'uwansa.

Duk wanda ya taɓa kiwon talotalo a gida ya riga ya ga tushen matsalar. Kaza asalinta kudu maso gabashin Asiya, talotalo kuwa daga nahiyar Amurka aka fito da shi. Akwai wata cutar hanji da hanta da kaza ke ɗauke da ita ta hanyar wata ƙaramar tsutsar cikinta, tana kiwonta lafiya ƙalau, amma idan 'ya'yan talotalo suka tsinci abinci a ƙasar da kaji suka yi kashi, sai ka ga sun yi laushi, fukafukai sun zube, kashi ya koma ruwan ɗorawa, cikin 'yan kwanaki a fara kwasar gawa. Dabbar da ta zauna da wata ƙwayar cuta dubban shekaru takan saba da ita har ta riƙe ta a jiki ba tare da ta nuna alama ba, baƙuwar da kakanninta ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba kuwa ba ta da garkuwa ko kaɗan. Teku da hamada ne suka raba su tun fil azal, mu kuma muna kawar da wannan rabuwar da jirgin sama a kwana ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da tayin da aka yi maka shi ne wildibis, dabbar nan ta gabashi da kudancin Afirka mai ƙahon saniya da gemu, wadda ake nunawa tana ƙetare kogi garke-garke tsakanin Tanzaniya da Kenya. Kusan kowane wildibis yana ɗauke da wata ƙwayar bairos da ba ta yi masa komai, kuma 'yan maruƙansa ne suka fi fitar da ita ta majina da ruwan ido a watannin farko bayan haihuwa. Idan ta shiga jikin saniya, sai ta haifar da cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MCF: zazzaɓi mai zafi, majina mai kauri da ke toshe hanci, gyambo a baki, idanu su yi fari fat har dabbar ta makance, kuma wadda alamun suka bayyana a jikinta da wuya ta tashi, domin babu maganin da ke warkar da ita. Makiyayan ƙabilar Masai ta Kenya da Tanzaniya sun san haka tun kafin a gano ƙwayar, shi ya sa suke kawar da shanunsu daga makiyayar da wildibis ke haihuwa har sai lokacin ya wuce. Barewar Asiya mai ƙaho mai rassa, irin wadda dillalinka ke son ya sayar maka, tana cikin dabbobin da wannan cuta ke yi wa kisan gilla, tare da ɓaunar Amurka da shanun dajin Indonesiya. Ka tuna kuma cewa bayan wayarka akwai burtali, kuma saniyar Bafulatanin da ke wucewa ba ta da hannu a cinikinku.

Ko da ka fasa wildibis, ba ka fita ba tukuna, domin tumakin gida suna ɗauke da wata ƙwaya 'yar'uwar waccan, mai haddasa cuta iri ɗaya. A Amurka an tabbatar da ta tashi daga wurin kiwon 'yan tumaki ta kashe ɓaunar Amurka a gonar da ke nisan kilomitoci. A Gombe kuwa wane ma'aikaci ne ba ya turke rago a bayan ɗakinsa kafin Babbar Salla? Wannan ragon kaɗai, mai ƙiba da ƙoshin lafiya, ya isa ya ƙarar da garken barewar Indiya da ka kashe miliyoyi a kansa.

Birai ma haka ne. Jan birin nan da muke gani a Yankari da gonakin ƙauyukanmu yana iya ɗauke da wata ƙwayar zazzaɓi mai zubar da jini yana tsalle-tsallensa lafiya, amma idan ta kai ga biran Asiya sai ta kashe kusan duk wanda ta kama. An fara gane cutar a 1964, lokacin da ta ɓarke a wuraren ajiye biran bincike a Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma allura ɗaya da aka yi wa wannan aka yi wa wancan ta isa ta kai ta. Su kuma biran Asiyan suna da tasu ƙwayar wadda kan kashe mutum idan suka cije shi. Wani abin da ya faru a gidan dabbobi na Wuppertal a Jamus a 2010 ya fi ba ni tsoro, domin a can wata farar beyar ta yankin ƙanƙara ta mutu da ciwon ƙwaƙwalwa, bincike ya nuna ƙwayar da ta kashe ta asalinta daga jakin dawa ne, alhali dabbobin biyu ba su haɗa ko shinge ba. Ƙwayar cuta ba ta bukatar dabbobi su gogi juna. Takalmin ma'aikaci, da baron kwasar kashi, da tsintsiya, da ɓeran da ke ci a kwami biyu, da ruwan damina da ke gangarowa daga wannan ɓangare zuwa wancan, kowanne hanya ce.

Kangaru kuwa abin da ke kashe shi yana yawo a kowace unguwa, wato kyanwa. Akwai wata ƙwaya mai suna tokzofilasma da ke kammala rayuwarta a hanjin kyanwa ta fito a kashinta. Dabbobinmu sun daɗe da ita, galibi suna jure mata, sai dai takan sa tunkiya ko akuya ɓari. Ostireliya ba ta da kyanwa ko ɗaya kafin Turawa su kai ta, saboda haka kangaru da danginsa ba su da juriya a gabanta: wani ya makance, wani numfashi ya gagare shi, wani a wayi gari a tarar da shi a mace ba tare da ya nuna komai jiya ba. Ka shiga kowane rumbun harawa a garin nan ka ɗaga dami biyu ko uku, za ka tarar da inda mage ta haihu ko ta binne kashinta, domin ɓeraye ne ke jawo ta wurin. Wannan harawar ce za a ɗebo da safe a zuba wa kangarun.

Ƙasarmu ma tana da nata abin da take tarbar baƙo da shi. Tsandon da ke kurmin kogin Gaji a Yankari yana cizon ɓauna da mazo da mugun dawa kullum, suna ɗauke da ƙwayar sammore a jininsu suna harkokinsu, amma makiyayi ya san yadda cutar ke ramar da saniya, mai doki da mai raƙumi sun san yadda take kayar da nasu. Dabbar da aka ɗauko daga nahiyar da babu tsando ba ta da wata kariya ta gado. Haka batun kaska da cututtukan jini da take ɗauka. Sannan ga yanayi: lama dabbar tsaunukan Andes ce, inda ake kwana cikin sanyi mai tsanani, jikinta lulluɓe da ulu, kuma ban ga yadda za a yi mata adalci a watan Maris da Afrilu ba, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, sai dai idan za a yi ta aske ta ana ajiye ta a inuwa da fanka, abin da ya rushe manufar sakinta a fili tun farko.

Lamarin bai tsaya kan dabbobin cikin waya ba. A 2003 an shigar da ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa Amurka, cikinsu har da gafiya, aka ajiye wasu a wurin wani dillali a jihar Illinois kusa da wasu kuregun ƙasar da ake sayarwa don kiwon sha'awa. Kuregun suka kamu da ƙyandar biri, suka shiga gidajen mutane da ita, aka ƙidaya mutum 47 da suka kamu ko ake kyautata zaton sun kamu, karo na farko da cutar ta ɓarke a jikin mutane a wajen Afirka. Mu kuma a nan muna da abin da ya fi wannan ciwo a tarihinmu. Cutar bushiya ta shanu ta shigo Afirka da ƙarfinta ne wajen 1887, ta hanyar shanun da sojojin Italiya suka sauke a gaɓar Eritiriya, kuma cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar ta hallaka mafi yawan shanu tare da ɓauna da sauran namun daji, ta talauta Fulanin ƙasar nan talaucin da jikokinsu ke ba da labarinsa. Da ta dawo a 1983 ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Arewa, ta kashe ɓauna a Yankari, ta shiga har gidan dabbobi na Maiduguri. Sai a 2011 aka ayyana an kawar da ita daga duniya. Duk lokacin da na ji ana maganar sauke dabba mai kofato daga wata nahiya ba tare da killacewa ba, wannan tarihin ne ke fara zuwa mini, kuma jihar da arzikin talakanta ke tafiya a kan ƙafa huɗu ba ta da hurumin yin sakaci da shi.

Mu ɗauka duk lafiyarsu ƙalau, sai batun hali. Kowace dabba tana da hanyar da take gargaɗi da hanyar da take nuna ta sallama, kuma 'yan daji ɗaya suna karanta na juna. Namijin barewar Indiya idan lokacin barbara ya yi, yakan sunkuyar da kai ya nemi wanda zai sarƙe ƙaho da shi su yi ture, amma gwanki mai ƙaho kamar takobi yana iya sukarsa. Namijin jakin dawa kuwa sananne ne a gidajen dabbobi da bin jariran wasu jinsuna yana cizo yana tattakewa, har ma jariran dabbobin da suka fito daji ɗaya da shi, shi ya sa masu kula ke ware uwa kafin ta haihu. Kangaru idan ya firgita gudu yake yi ba ya ganin gabansa, ya daki waya ya karya wuya. Amma abin da ya fi yawan kisa ba faɗan da ake gani ba ne. Na taɓa tsayawa da tsakar rana a wani wurin ajiye dabbobi ina kallon kwamin ruwa ɗaya tilo da aka girka a kusurwa. Jakunan dawa sun kewaye shi, sun sha sun ƙoshi amma ba su matsa ba, domin nan ne inuwa. Can nesa ƙananan barewa suna tsaye a rana, kunnuwa a miƙe, su tako taku biyu su koma. Babu wanda ya taɓa su, kuma mai yawon buɗe ido zai wuce ya ce ga zaman lafiya. Irin wannan dabbar ce ke ramewa a hankali, tsutsar ciki ta yi mata yawa, ta daina haihuwa, ranar da ta faɗi a ce ciwo ne ya zo farat ɗaya.

Abinci ma ba ɗaya ba ne don kawai duk tsiro ne. Raƙumin dawa ganyen itace yake bukata, irin su gawo da bagaruwa, a rataye a sama, kuma idan aka dogara da dusa da ciyawa cikinsa yakan lalace. Jakin dawa idan ya samu dusar da aka zuba don wasu yakan ci ya yi ƙibar da ke lalata masa kofato. Kangaru idan ya ci busasshiyar ciyawa mai kaifi takan soke masa dasashi, ƙwayoyin cuta su shiga su kumbura muƙamuƙi, ciwon da ke cikin manyan masu kashe shi a tsare. Ko gishirin lasa, adadin sinadarin tagulla da ya dace da wata dabba guba ne ga wata. A fili guda ba ka da ikon hana wannan cin rabon wancan.

Akwai kuma batun jini, wanda a ganina shi ne mutanenmu suka fi rainawa. Dabbobin da suka yi nisa da juna ba sa haihuwa tare, ko su haifi abin da ba ya rayuwa, kamar ɗan giwar da aka haifa a gidan dabbobi na Chester a Ingila a 1978, ubansa giwar Afirka uwarsa giwar Asiya, wanda bai cika mako biyu ba. Haɗarin yana wurin dangi na kusa, waɗanda ke haihuwa tare 'ya'yan su ma su haihu. A shekarun 1980 gidajen dabbobi na Amurka sun yi shekaru suna kiwon abin da suka ɗauka zakin Indiya ne don ceto shi daga ƙarewa, sai gwajin jini ya nuna an riga an gauraya su da zakin Afirka, dole aka dakatar da shirin. A nan ne kuma taswirar nahiyoyi ke yaudarar mutum, domin binciken ƙwayoyin gado ya nuna zakin Afirka ta Yamma, irin na Yankari, ya fi kusanci da zakin dajin Gir na Indiya a kan zakin Afirka ta Kudu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, kuma a Nijeriya wuri biyu kaɗai aka same su, Kainji da Yankari. Wanda ya sayo zaki daga Afirka ta Kudu ya ce ai duk na Afirka ne, idan jinin nan ya kai ga na Yankari, ya ɓata abin da babu kasuwar da za a sake sayo shi.

Muna da misali a gida. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, gwamnatin Namibiya ta ba Jihar Bauchi kyautar namun daji 279, cikinsu da raƙuman dawa da jakunan dawa da wildibis da wasu dangin barewa da ake kira kudu da impala, da jan kanki, aka ajiye su a Sumu cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, a wurin da aka zagaye da waya. Ajiye su daban da Yankari daidai ne, kuma ya kamata ya ci gaba a haka, domin jan kankin Namibiya da kankinmu na yamma dangi ne na kusa da za su iya haihuwa tare. Raƙumin dawan Namibiya ma ba irin wanda ya taɓa yawo a ƙasar Hausa ba ne. Namu na asali ya rage ne a Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, inda adadinsu ya faɗi zuwa 49 a 1996 kafin a farfaɗo da su su haura 600, kuma a 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince cewa raƙuman dawa jinsi huɗu ne, na Nijar da na Namibiya kowanne a jinsinsa. Idan tsakanin ƙasashen nahiya ɗaya akwai wannan taka-tsantsan, to ina ga tsakanin Gombe da Indiya?

Sai kuma ranar da waya ta faɗi, kuma takan faɗi, ko ambaliya ta ci gindinta a watan Agusta, ko gobarar daji ta ƙone turakunta da rani. Dorina huɗu ne Pablo Escobar, shahararren dillalin hodar iblis, ya shigar ƙasarsa Kolombiya don gidan dabbobinsa. Bayan an kashe shi a 1993 aka bar su, yau sun haura ɗari a kogin Magdalena, gwamnati na kashe kuɗi tana neman yadda za ta yi da su. Barewar Indiya mai ɗigo-ɗigo ita ma ta yi haka a Hawai da Ostireliya, inda ta zama annoba ga gonaki. Baƙuwar dabba idan ta kuɓuce, ko dai ta mutu, ko ta yaɗu a gonar manomin da ba a yi shawara da shi ba.

Abin da nake ba ka shawara, ranka ya daɗe, shi ne ka gina filinka a kan dabbobin yankin nan. Gwanki da kanki da gwambaza da maraya da mazo da gada da jimina sun san zafinmu da hunturunmu da ciyawar gamba, suna iya zama tare idan fili ya wadata, kuma yawancin yaran Gombe ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido ba, sai a tatsuniya da karin magana. Ka same su ta hannun hukuma da takarda, kada ka saya daga mafarauci, domin duk ɗan mazon da aka kawo maka a buhu an harbe uwarsa ne. Ka yi wuraren shan ruwa da na inuwa da yawa, nesa da juna, yadda mai ƙarfi ba zai iya tsare su duka ba. Ka bar kurmi da kwazazzabo inda ƙaramar dabba za ta ɓuya, ka tanadi ɗan garke na ware mai ciki da mai rauni, ka kuma yi waya biyu da tazara tsakaninsu a duk gefen da ke kallon burtali ko gona. Tunkiya da akuya da mage kada su kwana a harabar, ko na wane ne.

Idan kuma ranka ya kafe a kan baƙin dabbobi, ka bi dabarar Hagenbeck: mai kallo ya gan su kamar tare, amma kowane rukuni da ɓangarensa, da ruwansa, da baronsa, da takalman ma'aikatansa, kuma magudanar ruwan wani kada ta bi ta cikin na wani. Kafin kuɗi su fita daga hannunka, ka nemi dillalin ya nuna maka takardar izinin shigo da dabba daga ofishin babban likitan dabbobi na ƙasa, da takardar CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, ga jinsin da ta shafa, da shaidar lafiya daga ƙasar da aka ɗauko su, wadda ta faɗi gwaje-gwajen da aka yi da ranakunsu. Game da kangaru, ka sani cewa dokar Ostireliya ta hana fitar da dabbobinta na asali masu rai don kasuwanci, saboda haka wanda ya ce maka daga can kai tsaye zai kawo, ka tambaye shi ta wace hanya. Duk dabbar da ta iso, ta gida ce ko ta waje, a killace ta aƙalla kwana 30 nesa da sauran da sanin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, a gwada ta tarin fuka, a duba kashinta da jininta, a cire mata kaska, birai da masu kofato kuwa sukan bukaci fiye da haka.

Ka ɗauki likitan dabbobi tun ana zana taswirar wurin, tun kafin a kafa turke ɗaya, domin gyaran magudana da shinge bayan an gama gini ya fi tsada nesa. Ka kuma kafa doka ɗaya da ma'aikata ba za su so ta ba: dabbar da ta faɗi ba a yanka ta a raba nama. Likita ya buɗe gawar a ranar, ya ɗebi samfurin hanta da saifa da huhu da ƙwaƙwalwa, a sa a ƙanƙara a aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, a binne sauran da zurfi ko a ƙone, kuma kada a fitar da wata dabba daga wannan ɓangaren ko a shigar da wata har sai sakamako ya dawo.